Ruwan da Ke Ɗiga a Ƙarƙashin Mota: Na Lafiya da Na Cuta

Duk wanda Allah ya hore wa mota, ko aka danƙa masa amanar tuƙa ta wani, ba zai rasa ranar da zai janye ta daga inda ta kwana, ko daga inuwar da ya ajiye ta ya shiga masallaci, ya waiwaya ya ga ƙasa ta jiƙe daidai inda cikinta yake ba. A nan mutane suka kasu gida biyu. Akwai wanda hankalinsa kan tashi nan take, ya garzaya gareji a kwance masa abin da lafiyarsa ƙalau, ya yi hasarar kuɗi a banza. Akwai kuma wanda kan ɗaga kafaɗa ya ce ai ruwa ne kawai, ya ci gaba da tafiya har ranar da injin zai buga masa a dokar daji. Dukansu biyu sun yanke hukunci ne kafin su nemi hujja, alhali kuwa jiƙewar ƙasa alama ce kurum, wadda take iya nuna lafiya, take kuma iya nuna cuta.

Wannan mas'ala ta fi nauyi a ƙasa irin ta Rano da Kibiya, inda mota ita ce jakin zamani, da ita ake kwaso masara da dawa da gyaɗa da shinkafa daga Rurum da Saji da Tarai da Durba zuwa kasuwa, da ita ake kai mara lafiya asibiti, inda kuma mafi yawan kayan gyara sai an aika Kano, Kasuwar Ƙofar Ruwa, kafin a same su. Direban da ke irin wannan wuri, wajibi ne ya iya karanta alamun motarsa da kansa, domin ba kullum ne zai sami bakanike a kusa ba.

Malamanmu na fiƙihu, tun daga Ishmawi har zuwa Risala, sun koya mana cewa ana gane halin ruwa da siffofi uku, watau launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Wannan ma'auni yana da amfani ga mai mota, sai dai da gyara biyu. Na farko, a cire ɗanɗano daga lissafi ɗungum, domin daga cikin ruwayen mota akwai dafi mai kisa. Na biyu, a ƙara wasu tambayoyi biyu a madadinsa: daga wane sashe na motar ruwan ya ɗigo, kuma a wane lokaci? Dalilin wannan ƙari kuwa shi ne, littattafan da masu ƙera motoci ke rubutawa a Turai da Japan sun ɗauka cewa kowane lagireto cike yake da ruwan sanyaya injin da ake kira kulant, mai launi, kore ko ja ko shuɗi, saboda haka suke cewa idan ruwan da ya zuba garau ne babu damuwa. A wajenmu kuwa, inda da yawa daga cikin motocin haya, har da na gida, ba su san wani ruwa ba sai na rijiya da na burtsatse da na leda, ruwan lagireto kansa yakan fito garau, ko da ɗan ja-ja na tsatsa. Wanda ya dogara da launi shi kaɗai a tashar Rano, lalle zai ɗauki cuta a matsayin lafiya.

Bari mu fara da ruwan da babu laifi a cikinsa. Mafi yawansa daga na'urar sanyaya cikin mota yake, wadda direbobi ke kira esi. A bayan dashbod akwai wani ƙarfe mai siraran haƙarƙari wanda ke yin sanyi ƙwarai idan na'urar tana aiki, iska kuma tana ratsa shi kafin ta huro wa fasinja; to, da yake iska mai ɗumi tana ɗauke da laima, idan ta taɓa wannan ƙarfe sai laimar ta koma ruwa, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi idan an fito da ita daga firji. Masu ƙera mota sun san da haka, shi ya sa suka yi wa ruwan ɗan tiyo da zai bi ya zuba ƙasa. Galibi yakan ɗiga a bayan tayar gaba, ta wajen ƙafar wanda ke zaune kusa da direba, watau ɓangaren dama a motocinmu, tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972 sitiyari ya koma hagu. Ruwa ne garau, mai sanyi, babu wari, babu santsi, kuma yakan tsaya da kansa bayan an kashe mota da ɗan lokaci.

Abin lura a nan shi ne yadda wannan ɗiga ke bin yanayin shekara. A watan Agusta, lokacin da marka ta kankama, shuka ta rufe gonaki, iska ta cika da danshi, mota za ta iya barin ɗan tafki bayan tafiya daga Kano zuwa Rano. A watan Janairu kuwa, sa'ad da iskar hunturu ta busar da komai har leɓe ke tsagewa, wannan motar dai za ta yi wannan tafiyar dai, amma da ƙyar a ga ɗigo. Saboda haka wanda ya ga ruwa da yawa a ƙarƙashin motarsa da damina bayan ya kunna esi, ya kwantar da hankalinsa; wanda kuwa ya ga irin wannan yawa a tsakiyar hunturu, ko ya gan shi alhali na'urar motarsa ta daɗe da mutuwa, kamar yadda take a yawancin motocin haya, to, ya sani ruwan daga wani wuri yake. Illar da kan sami wannan tiyo ita ce ƙura da laka su toshe shi, sai ruwan ya rasa mafita ya koma ciki, a tarar da shimfiɗar ƙasan mota a jiƙe tana warin ruma. Maganinsa bai wuce a buɗe tiyon a share shi ba.

Na biyu shi ne ɗigon da ake gani a bakin salansa da sanyin safiya. Mutane da yawa ba su san cewa ƙonewar fetur kanta tana haifar da ruwa ba, har kusan lita guda na ruwa daga kowace lita ta fetur, sai dai yana fita ne a matsayin tururi wanda ido ba ya gani idan salansa ta yi zafi. Da asubahin hunturu, lokacin da ƙarfen yake da sanyi, tururin kan koma ruwa ya ɗiga, a ga ɗan farin hayaƙi mai saurin watsewa. Idan ya ɗauke bayan injin ya ɗumama, ba komai. Na uku kuma shi ne ruwan sama, ko na wankin mota, ko na kwatar da aka ratsa, wanda ke maƙalewa a cikin ƙofofi da lungunan bodi, ya riƙa tsiyaya sannu a hankali ta ƙananan kafofin da aka tanadar masa. Akwai kuma tankin robar ruwan wanke gilashi, wanda zafin rana da tsufa kan tsaga. Zubarsa ba ta cutar da injin, ko da yake direban da ke bin hanyar ƙura zai ji rashinsa.

Yanzu sai mu zo kan ruwan da zubarsa cuta ce, watau ruwan sanyaya injin, kuma ba za a fahimci dalilan yoyonsa ba sai an san kaifiyyar aikinsa. Injin yana ƙona mai a cikinsa dubban lokuta a minti guda, zafin da ke tasowa kuwa ya isa ya lalata ƙarfen, ba don ruwa yana zagaya shi ta hanyoyin da aka huda a jikinsa ba. Famfon ruwa ke tura shi, ya ɗebo zafi, ya bi tiyon sama ya shiga lagireto, inda iskar tafiya da ta fanka ke sanyaya shi, sa'an nan ya komo ta tiyon ƙasa. A ƙaramar mota wannan ruwa duka bai cika wuce lita 5 zuwa 7 ba, kuma an tsara injin ya yi aiki a wajen digiri 90, dab da inda ruwa ke tafasa. Hikimar da ke hana shi tafasa tana cikin murfin lagireto, wanda mutane ke rainawa: idan an duba bayansa za a ga an rubuta lamba irin 0.9 ko 1.1, ma'anarta ita ce gwargwadon matsin da yake riƙewa, wannan matsi kuwa shi ke ɗaga iyakar tafasar ruwan zuwa wajen digiri 120. Daga nan za a gane cewa ruwan yana cikin takura a koyaushe, yana neman kafa ko da ta kai bakin allura ce, kuma duk inda aka sami rauni a wannan da'ira, ta nan zai fita.

Wuraren raunin sanannu ne ga kanikawa. Akwai tiyoyin roba, waɗanda ke bushewa su tsattsage, ko su kumbura su yi laushi idan baƙin mai yana ɗiga musu, akwai kuma kilif ɗin da ke ɗaure bakinsu, wanda kan saki, wani lokaci ma a tarar an maye gurbinsa da waya. Akwai lagireto kansa. Na motocin da, irin Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, na tagulla ne, idan ya huje mai gyara ya like shi da dalma ya ci gaba da aiki shekaru. Na motocin yanzu kuwa, irin su Golf da Sharan da Corolla da suka cika hanyoyinmu, cikinsa alminiyam ne, samansa da gefensa roba, an matse su da ƙananan haƙora, kuma a daidai wannan mahaɗa, ko a wuyan da tiyon sama ke shiga, robar kan tsage idan ta tsufa. Wanda ya sunkuya ya duba da kyau zai ga wani ɓawo fari-fari ko kore-kore ya bushe a kan layin tsagar, da sawun tsiyaya ya gangara ƙasa, ko da a lokacin babu ɗigo ko ɗaya. Akwai famfon ruwa, wanda aka yi wa 'yar kafa a ƙasansa da gangan, domin idan abin da ke tare ruwa a cikinsa ya ci, ya fara zubarwa ta nan ya yi gargaɗi, sau da yawa tare da wani gurnani. Akwai kuma wasu ƙananan marufai na ƙarfe da aka toshe kafofin jikin injin da su, waɗanda tsatsa kan cinye ta ciki har su huje.

Akwai wata zuba da ke rikita mutane, ita ce wadda ba ta farawa sai an kashe mota. Direba ya yi lodi fiye da kima da zafin bazara, lokacin da ma'aunin zafi kan haura digiri 40, ya iso tasha ya kashe injin. Famfo ya tsaya, iska ta tsaya, amma ƙarfen yana nan da zafinsa, sai ruwan da ke kwance a cikinsa ya ƙara zafi ya kumbura, ya tunkuɗe murfi ya malala ta tiyon ambaliya, a ji motar tana ƙugi. Idan sau ɗaya ne, bayan an cika tankin ajiyar ruwan lagireto fiye da layinsa, da sauƙi. Idan kuwa ya zama ɗabi'a, to, ko dai murfin ya mutu, ko fanka ba ta tashi, ko lagireto ya toshe, ta ciki da laka, ko ta waje da ƙura da ƙaiƙayi da ƙwari, musamman da kaka lokacin da motoci ke shiga gonaki da masussuka.

Idan aka bi diddigin yawancin waɗannan illoli, za a tarar asalinsu yana komawa ga irin ruwan da ake ɗurawa. Ruwan kulant, wanda akan gauraya rabi da rabi da tsabtataccen ruwa, mutanenmu sun ɗauka na ƙasashen ƙanƙara ne kaɗai, tun da can yana hana ruwa daskarewa. Sun manta cewa yana ɗauke da magungunan hana tsatsa, yana kuma ƙara ɗaga iyakar tafasa, wanda mu muka fi kowa bukata. Ruwan rijiya da na kududdufi, ko na magudanan da suka taso daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, yana da kyau ga shuka, amma yana ɗauke da laka da gishirin ƙasa, waɗanda ke kwantawa a siraran bututun lagireto su toshe su, ruwan kuma ya riƙa cin ƙarfe da alminiyam a ɓoye. Ga kuma al'adar cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan injin, wadda wasu kanikawa ke yi wa kowace motar da ta shigo daga Turai da hujjar wai ƙasarmu da zafi, alhali cire shi ba ya gyara lagireton da ya toshe, sai dai ya ɓoye alamar na ɗan lokaci, ya kuma sa injin ya ƙara shan mai. A ƙara da girgizar hanyoyin karkara, wadda ke sassauta duk abin da aka ɗaure, da duwatsun da taya ke watsowa, da kuma cewa yawancin motocin nan sun riga sun yi shekaru da dama a wata ƙasa kafin su iso mana.

Idan matashin direba ya shiga gareji ya ce, "Baba, motar nan ruwa take ci mini," gogaggen bakanike ba ya taɓa sifana sai ya tambaye shi, "Zubarwa take yi, ko shanyewa?" Tambayar tana da tushe, domin mafi munin yoyo shi ne wanda ƙasa ba ta shaida shi. Tsakanin kan injin da gangar jikinsa akwai gasket, wanda ya raba hanyar ruwa da ta mai da ta wuta. Idan zafi ya yi yawa ya ƙone, ko kan injin ya lanƙwashe, sai ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Alamominsa su ne farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa ko injin ya yi zafi, da kumfa mai tasowa a bakin lagireto, da baƙin mai ya koma kalar shayi da madara a jikin sandar awo ko a ƙarƙashin murfin mai. Galibi kuwa wannan babbar cuta 'yar ƙaramar ce ta haife ta: ɗigon da aka raina, shi ya rage ruwa, raguwar ruwa ta kawo zafi, zafi ya ƙone gasket.

Ya kamata kuma a yi hattara da wasu abubuwa masu shigar ruwa alhali ba ruwa ba ne. Man birki yana iya zama garau ko ɗan rawaya, yana da santsi a yatsa, ana ganinsa a jikin taya ta ciki ko daidai ƙarƙashin ƙafar direba. Motar da ke zubar da shi bai halatta a hau da ita hanya ba ko taku ɗaya, domin rayuka ne a ciki. Fetur warinsa ya isa shaida, kuma hatsarinsa gobara ne. Ruwan batir yana cin tufa da fata, yana barin farin gari a kan ƙarfe. Baƙin mai da man giya da man sitiyari kuwa launinsu da kaurinsu ba sa ɓuya, kuma ƙasa ba ta shanye su ta bushe kamar yadda take yi wa ruwa.

Hanyar tahƙiƙi mai sauƙi ce, ba ta bukatar kuɗi. A ajiye mota a busasshen wuri, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, da safe a duba inda tabon yake: in a can gaba ne ƙarƙashin lagireto ko tsakiyar injin, zato ya ƙarfafa a kan ruwan sanyaya, in a bayan tayar gaba ta dama ne, esi ce, in a can baya ne, salansa ce. A shafa shi a yatsa a sansana, domin kulant yana da ɗan santsi da wani ƙanshi mai zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto zalla kuma yana da ƙarnin tsatsa. Amma hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce awo: a duba layin ruwa a tankin ajiya da kuma cikin lagireto da sassafe, injin yana da sanyi, a yi haka kwanaki a jere. Da'irar sanyaya injin rufaffiya ce, lafiyayyar mota tana iya yin watanni ba ta nemi ƙari ba. Idan layin yana sauka, akwai yoyo, ko an ga ɗigo ko ba a gani ba, idan kuwa yana nan daram, ruwan ƙasa na wani abu ne daban. Sharaɗi guda, kada a kuskura a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, domin ruwan da ke cikin matsi zai yi tsiri ya saluɓe fuska da hannu, kuma kada a sheƙa ruwan sanyi a injin da ya tafasa, domin yana iya tsaga ƙarfen.

Direbobi suna da dabarun kan hanya, wasu su fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, wasu su zuba garin taba, wasu su shafa sabulu ko gam a bakin tsaga. Larura tana da hukuncinta, kuma wanda dare ya yi masa tsakanin Kibiya da Rano da mata da yara a mota, babu mai zarginsa idan ya yi abin da zai kai shi gari. Abin zargi shi ne a mayar da larura al'ada, domin abin da ya toshe huji shi ne kuma zai toshe bututu, a wayi gari lagireto ya rage aiki. Haka nan jarkar ruwan da ke kwana a but, wadda yaron mota ke ɗaukowa a kowace tasha yana ɗurawa. Wannan jarka shaida ce cewa maigidansa ya san da cutar, ya zaɓi ya zauna da ita. Mai zuba kulant kuma akwai wani haƙƙi a kansa: sinadarin da ke cikinsa yana da zaƙi, yana kuma lalata ƙoda, saboda haka idan ya zuba a tsakar gida ko a ƙofar gida, inda awaki da kaji da ƙananan yara ke yawo, a rufe shi da ƙasa a kwashe, kuma kada a ajiye ragowarsa a gorar lemo.

Idan aka auna, kuɗin kilif ko murfi ko tiyo ba a bakin komai yake ba in an kwatanta shi da kuɗin sauke injin, balle kwanakin da mota za ta yi a gareji ranar kasuwa tana wucewa. Tawakkali ba ya kore riƙon sababi, kuma dukiya amana ce, fasinja ma amana ne. Saboda haka abin da ake nema ga mai mota kaɗan ne: ya buɗe bonet kowace safiya kafin ya tayar da injin, ya san layin ruwansa, ya sa ido a kan gejin zafi yana tafe, idan allura ta haura ya tsaya, idan kuma layin ruwa ya sauka sau biyu a jere ya kai ta ga bakanike a ranar, tun gyaran yana na kilif da tiyo.